Tarihi a Gaban Manazarcin Adabi: Sharhi a Kan Wasu Sababbin Littattafai Daga Lafiya

Tun daga ajin farko ake koya wa ɗalibin Hausa cewa rubutaccen adabi gida uku ne, wato waƙa da zube da wasan kwaikwayo. Idan aka zo kan zube kuwa, sai a raba shi biyu, ƙagaggen labari da wanda ba ƙagagge ba, sa'an nan a duƙufa a kan na farkon har a gama digiri. Na biyun, inda tarihin rayuwa da labarin tafiye-tafiye da wasiƙu da littattafan tarihi suke, akan ambace shi ne a gurguje, kamar baƙon da aka gaisa da shi a zaure ba a shigar da shi cikin gida ba. Dalilin da aka saba bayarwa shi ne wannan aikin Sashen Tarihi ne. To, ga shi a 'yan shekarun nan masana tarihin sun ɗauki kayan aikinmu, wato nazarin jigo da salo da muryar mai magana, sun shiga gonar da muka bari, sun kuma yi noma mai kyau. Manufar wannan sharhi ita ce a dubi wasu daga cikin littattafan da suka fitar, a ga abin da suka gano da abin da ya kuɓuce musu, musamman idan mai karatun yana zaune ne a Lafiya, ba a Sakkwato ko Kano ba.

Littafin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne na Paul Naylor, From Rebels to Rulers, wanda ya fito a 2021. Abin da sunan yake nufi shi ne yadda masu tawaye suka zama masu mulki. Naylor ya bi rubuce-rubucen Larabci na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya jera su bisa lokacin da aka rubuta su, har zuwa rasuwar Bello a 1837. Game da kowane littafi sai ya yi tambayoyin da malamin adabi yake yi: wa ke magana, da wa yake yi, a wane hali, kuma me yake so maganar ta aikata? Wannan ya bambanta da yadda aka saba, inda akan ɗauki littattafan a matsayin rumbu guda, a ɗebi jimla daga nan, a ɗebi wata daga can, a ce ga ra'ayin masu jihadi.

Da aka jera su haka sai wani abu ya bayyana. Harshen da aka yi amfani da shi lokacin da ake jayayya da sarakunan Gobir, wanda ya kai ƙololuwa a Bayan Wujub al-Hijra na 1806, harshe ne mai kaifi, mai raba fari da baƙi. Bayan da mulki ya dawo hannun jama'a, sai rubutun Shehu ya karkata ga sassauci da karɓar saɓanin malamai, alhali Abdullahi, wanda ya rubuta Diya' al-Hukkam a Kano, ya ci gaba da tsanantawa a kan kiɗa da tufafin ƙawa da sarautu irin na da. Bayan rasuwar Shehu a 1817 kuma, Bello ya sami kansa yana kare gadon da ya hau a gaban baffansa, da kuma gaban Abdussalami, almajirin Shehu Bahaushe da ya yi bore a Kware. Labarin wannan bore mun same shi ne daga alƙalamin Bello, cikin Sard al-Kalam. Wanda ya yi nasara shi ya rubuta, shi ya zaɓi inda labarin zai fara da inda zai tsaya.

Na san akwai masu jin irin wannan karatu kamar rashin ladabi ne ga magabata. Ban yarda da haka ba. Cewa malami ya rubuta littafi don ya amsa wata matsala ta zamaninsa, ya zaɓi hujjojinsa, ya tsara su yadda za su ratsa zuciyar mai sauraro, wannan bai rage masa daraja ba, hasali ma shaida ce ta gwanintarsa. Su kansu ba su ɓoye saɓaninsu ba, sun rubuta shi baro-baro da sunayensu. Mu ne 'yan baya muka shafe saɓanin da sunan girmamawa, muka mayar da mutum uku masu murya uku tamkar mutum ɗaya.

Ga mutumin Lafiya akwai wani darasi na musamman a nan. A cikin Infaq al-Maisur, wanda Bello ya kammala a 1812, akwai wasiƙun da aka yi musaya da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, inda malamin na Barno ya ƙalubalanci halaccin yaƙar ƙasar da ta daɗe da Musulunci. Yawancinmu mun san hujjojin al-Kanemi ne ta wannan littafi, wato muryar Barno ta iso mana a cikin ɗakin abokin gardamarta, kuma maigidan ne ya yi magana ta ƙarshe. A garin da ake kira Lafiyar Barebari, wanda Muhammadu Dunama ya kafa, ai bai kamata a karanta waɗannan shafuka ba tare da an lura da wannan tsari ba.

Sai dai littafin Naylor yana da iyakar da shi da kansa ya shata, kuma iyakar ta faɗo daidai kan fagenmu. Nazarinsa na matanin Larabci ne. To amma mutum nawa ne a Degel ko Sifawa ko Wurno suke iya karanta littafin fiƙihu da Larabci? Manomi da makiyayi da matar kulle ta waƙa suka ji saƙon, da Fulatanci da Hausa. Waƙar Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya tsara da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, gargaɗi ce ga masu riƙe da mulki, kuma an yi ta rera ta a lokacin da masu mulkin 'yan gida ne. Idan ana neman yadda sabuwar daula ta sami karɓuwa a zukatan talakawa, ko yadda aka riƙa ja mata kunne daga cikin gida, to a irin wannan waƙa za a duba. An riga an share hanya tun tuni: Mervyn Hiskett ya fitar da tarihin waƙoƙin addini na Hausa a 1975, Bello Sa'id ya tattara waƙoƙin masu jihadi a kundinsa na Jami'ar Bayero a 1978, Jean Boyd da Beverly Mack kuma suka buga ayyukan Nana Asma'u a 1997. Abin da ya rage shi ne wani ya jera waƙoƙin bisa shekaru, ya yi musu irin tambayoyin da Naylor ya yi wa littattafan Larabci. Wannan ba aikin mai tarihi ba ne, domin sai wanda ya san karin waƙa da amsa-amo ne zai gane abin da fassarar Hausa ta ƙara da abin da ta rage.

Littafin Stephanie Zehnle, A Geography of Jihad, na 2020, ba zan daɗe a kansa ba. Babba ne, mai nauyin karatu, kuma ƙamshin kundin digiri bai bar shi ba. Amfaninsa gare mu shi ne ya nuna yadda marubutan Sakkwato suka zana duniya a tunaninsu: ga cibiya, ga ribaɗi a bakin iyaka, ga duwatsu da dazuzzukan kudu inda ake ɗaukar cewa sani da tsari sun ƙare. Taswirar da Bello ya ba Clapperton a 1824 tana cikin irin shaidun da ake dubawa. Mu da ke zaune tsakanin duwatsun Eggon da kogin Binuwai, mu ne mutanen wancan gefen taswirar. Yana da kyau mutum ya san yadda aka siffanta ƙasarsa kafin a tambaye shi.

Wanda ya fi taɓa mu kai tsaye shi ne Moses Ochonu, ɗan jihar Binuwai, tsohon ɗalibin Jami'ar Bayero, wanda yake koyarwa a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. A 2014 ya fitar da Colonialism by Proxy, wato mulkin mallaka ta hannun wakili. Hujjarsa ita ce Turawa sun ɗauki tsarin sarautar Daular Sakkwato a matsayin mizanin wayewa, suka ga al'ummun tsakiyar Nijeriya ba su da irinsa, don haka suka tura musu Hausawa da Fulani a matsayin hakimai da malaman haraji da tafintoci da dogarai. Waɗannan wakilai kuma ba 'yan amshin shata ba ne kawai, suna da nasu buri da nasu fahimtar tarihi, har sukan juya Baturen ya bi ra'ayinsu. Daga ƙin wannan tsari ne, in ji shi, tunanin 'yan tsakiyar Nijeriya ya tsiro, wanda ya fito fili a siyasar Joseph Tarka da tarzomar ƙasar Tibi ta 1960 da ta 1964.

Littafi ne mai ɗaci ga Bahaushe, kuma ya kamata a karanta shi da ɗacinsa. Duk wanda yake koyar da Hausa a jihar Nasarawa ya san cewa a cikin ajinsa akwai ɗan Alago da ɗan Eggon da ɗan Mada da ɗan Migili, waɗanda Hausa take bakinsu kamar ruwa, amma a gidajensu akwai labaran kakanni game da harin bayi da haraji da aikin tilas, kuma a cikin labaran da Hausa mai bulala yake magana. Idan muka ce harshen ya yaɗu ne ta fatauci da malanta kaɗai, kamar yadda mukan fahimta daga littafin Mahdi Adamu na 1978, mun faɗi gaskiya amma ba mu faɗe ta duka ba. Ochonu ya kawo ragowar.

Amma idan aka ɗora ma'auninsa a kan Lafiya sai a ga yana rawa. Ma'aunin yana bukatar ɓangare biyu, Hausawan daula a hannu ɗaya, 'yan ƙasa a ɗaya hannun. To ina za a sa gidan sarautar Lafiya? Asalinsu Barebari ne, daga ƙasar da ta yi jayayya da Sakkwato da takobi da alƙalami. Daga baya suka shiga ƙarƙashin Bauci, alhali Keffi ta Abdu Zanga da Nasarawa ta Makama Dogo suna bin Zazzau. Yau Hausa ce harshen fada da na kasuwa. Ina za a sa Gwandara, waɗanda harshensu shi ne mafi kusa da Hausa a duk harsunan duniya, tarihinsu na baka kuma yana cewa daga Kano suka fito, amma ba su taɓa zama wakilan kowa ba? Ina za a sa Doma da Keana, masu tsohuwar sarauta tasu ta kansu, waɗanda gishirin Keana ya haɗa su da fatake tun kafin zuwan Turawa? Kalmar Hausa a wannan yanki riga ce da mutane iri-iri suka sa saboda dalilai iri-iri, wani don ciniki, wani don addini, wani don aure, wani don mulki, wani kuma don tsira da rai. Ba laifin Ochonu ba ne, domin wanda ya ɗauki yanki mai faɗi daga kudancin Zariya har Adamawa dole ya yi amfani da babbar tsintsiya. Amma babbar tsintsiya ba ta shiga lungu, kuma Lafiya lungu ce mai sarƙaƙiya: an sa ta a Lardin Binuwai, aka mayar da ita jihar Binuwai da Filato a 1967, sa'an nan Filato a 1976, kafin ta zama hedikwatar jihar Nasarawa a 1996. Kowane sauyi ya canza wanda ake kira ɗan gida da wanda ake kira baƙo.

A littafinsa na 2022, Emirs in London, Ochonu ya juya madubin. Maimakon Bature yana kallon Bahaushe, sai ga Bahaushe yana kallon Bature a gidansa. Ya bi tafiye-tafiyen Sarkin Katsina Muhammadu Dikko zuwa Ingila, waɗanda suka fara a 1921, da ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usmanu suka kai a 1934, da kuma rubutun 'yan boko irin su Abubakar Imam. Abin da ya nuna shi ne Turawa sun shirya tafiye-tafiyen don su burge sarakunan su ƙara musu biyayya, su kuwa sarakunan suka dawo da abin da suka gani suka mayar da shi jari a gida, suna zaɓen abin ɗauka da abin bari.

A nan ne kunya ta kamata ta kama mu. Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda Imam ya fitar a 1944 bayan ziyarar da ya kai Ingila a 1943 tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, yana cikin jerin littattafan da kowane ɗalibinmu ya haddace sunayensu don jarrabawa. Amma sau nawa aka ba shi irin kulawar da ake ba Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce? Sai da masanin tarihi ya zo ya nuna mana cewa littafi ne mai hujja da manufa. Duk da haka akwai abin da mai karanta Imam don neman shaida ba zai tsaya a kai ba. Imam gwanin barkwanci ne, mai iya yabon da ke ɗauke da habaici, mai iya yin kamar baƙauye ya ga abin mamaki alhali yana auna mai masaukinsa. Editan Gaskiya Ta Fi Kwabo ne, yana rubutu a ƙarƙashin idon Rupert East, a tsakiyar yaƙin duniya, ya kuma san cewa Bature zai karanta, sarki zai karanta, malamin makaranta ma zai karanta. Mutumin da yake magana da kunne uku a lokaci guda, a salonsa ake kama shi, kuma salon nan ba ya tsira idan aka juya shi zuwa Ingilishi.

Wannan ya kawo mu ga tarihin rayuwa, inda ciwon ya fi tsanani. Manyan littattafan rayuwar mutanen Arewa da ake kafa hujja da su, da Ingilishi suke: na Alan Feinstein a kan Malam Aminu Kano a 1973, na John Paden a kan Sardauna a 1986, na Jean Boyd a kan Nana Asma'u a 1989, na Trevor Clark a kan Tafawa Ɓalewa a 1991. Da Hausa ma ana rubutawa, kuma da yawa, sai dai akasari wane iri? A rubuta wa mai rai, mai muƙami, a buga hotunansa da manya, a kira taron ƙaddamarwa, a tara gudummawa, washegari littafin ya ɓace. Tauraron irin wannan littafi tun yana yaro ake ganin alamun girma a goshinsa, bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, bai taɓa yin abokin gaba ba sai mahassadi. Wannan kirari ne aka rubuta da zube. Kirari kuwa fanni ne mai daraja a bakin maroƙi, domin shi maroƙi bai ce mana bincike yake yi ba, kuma ko shi yakan saka zambo ya ɗanɗana maganar.

Ba a rasa na kirki ba. Shata Ikon Allah!, wanda Ibrahim Sheme da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami suka fitar a 2006, shekara bakwai bayan rasuwar mawaƙin, ya nuna cewa ana iya bin sawun mutum gari-gari, a tambayi masoyi a tambayi wanda aka yi wa zambo, a rubuta da Hausa mai daɗi, mutum ya fito da girmansa da halinsa na ɗan Adam. An iya yin haka ga Shata ne watakila don shi mawaƙi ne, bai bar gadon sarauta da za a ji tsoron ɓata wa rai ba. Gwajin gaskiya shi ne a yi wa mai rawani.

Mu ɗauki misali daga nan kusa. A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗanyamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya tsere zuwa Kano inda Sarki Alu ya karɓe shi, kuma wannan karɓa tana cikin dalilan da Lugard ya bayar na kai wa Kano yaƙi a farkon 1903. Magajin ya ƙare ne a Burmi tare da Sarkin Musulmi Attahiru. A rahoton Turawa shi ɗan harin bayi ne mai kisan kai. A bakin wasu mutanen Keffi gwarzo ne da ya ƙi miƙa wuya. A bakin zuriyar waɗanda aka kai wa hari a ƙauyukan kewaye kuwa wani labari ne daban. A tsakiyar abin kuma akwai tafinta, Audu Timtim, wanda ruwayoyi da dama, har da wadda D. J. M. Muffett ya kawo a littafinsa na 1964, suke ɗora wa alhakin murɗa magana tsakanin Baturen da Magajin. Ga rikicin da ya taimaka wajen faɗuwar Kano, kuma a gindinsa akwai tambayar me aka faɗa da Hausa, me aka juya zuwa Ingilishi. Wanda zai rubuta rayuwar Ɗanyamusa dole ya riƙe muryoyin nan duka ba tare da ya shaƙe ko ɗaya ba, ya auna kowace kamar yadda Naylor ya auna Sard al-Kalam, ya kuma iya Hausar da zai gane inda tafinta zai iya karkatar da zance.

Haka abin yake a Lafiya kanta. Marigayi Sarki Isa Mustafa Agwai na Ɗaya ya yi sarauta daga 1974 zuwa 2019, shekara arba'in da huɗu da 'yan kai, ya ga garin a ƙarƙashin jihohi uku. Makaɗan fadarsa da 'yan majalisarsa da waɗanda suka yi shari'ar gona a gabansa, wasunsu suna nan da rai, amma kullum raguwa suke yi. Fayilolin Lardin Binuwai suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, rahoton Joji da na Razdan, kowanne da nasa salon da nasa son rai. Ɗalibin da yake neman batun kundin digiri, maimakon ya zama mutum na hamsin da zai sake fito da jigo da salon littafin soyayya guda, yana iya ɗaukar rakoda ya nufi Doma ko Keana ko Awe ko unguwannin cikin garin Lafiya, ya tambayi tsofaffi uku labarin mutum ɗaya, ya rubuta yadda kowannensu ya faɗa, da harshen da ya faɗa, sa'an nan ya tafi Kaduna ya ga yadda Bature ya rubuta.